Wayar da Ta Bi Gamba

Duk wanda ya san Sadiƙa ya san ba ta da wuyar sha'ani sai a wuri ɗaya: kada ka taɓa mata zanen aikinta. Idan ta ja layi a takarda ta ce nan waya za ta bi, to ko dutse ne a wurin sai dai dutsen ya matsa. 'Yar Karaye ce, injiniyar sadarwa, gajera mai saurin tafiya da saurin baki. Mutanen Zoza Injiniya suke ce mata, ban da wasu tsofaffi da suka liƙa mata "yarinyar sabis".

Kunyar da ta kwasa bara ce ta dawo da ita Zoza bana. Ƙungiyar tsofaffin ɗaliban garin ta gina ɗakin kwamfuta mai kujera sittin, don 'ya'yan yankin su daina tafiya har Kano rubuta jarabawar shiga makarantar ungozoma. Jarabawar kai tsaye ake yin ta ta intanet, agogonta kuwa yana can hedikwata, ba ya jiran kowa. Sadiƙa ce ta haɗa musu sabis, ta jawo shi daga ƙarfen sabis da ke kan tudu bayan gari da farantin kama sabis ɗaya tak a kan rufi. Ranar jarabawa ana tsaka da rubutu iskar hadari ta taso ta karkatar da farantin. Ta ɗaure mayafi a ƙugu ta hau tsani da kanta, amma kafin ta daidaita shi minti arba'in sun tafi, jarabawar ta tafi da su.

Ta sha zagi ranar, ta kuma shanye. Abin da ta kasa shanyewa shi ne na Bara'atu, 'yar Hammawa maigadin ɗakin. Shekara uku yarinyar tana taya ungozomar asibitin garin aiki, ba don an sa ta ba. Da lokaci ya cika ba ta yi kuka ba kamar sauran. Ta naɗe takardarta ta shiga jarabawa, ta zo ta durƙusa ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Anti." Wallahi da marin Sadiƙa ta yi da ya fi mata sauƙi. Dokar makarantar kuwa sau biyu kawai ake zama jarabawar. Bana ce ta ƙarshe ga Bara'atu.

Saboda haka bana Sadiƙa ta rantse ba za ta sake dogara da hanya ɗaya ba. A kan ƙarfen sabis ta sa faranti biyu, ɗaya yana kallon Karaye, ɗaya yana kallon Rogo, ta ɗaure su tamau. Daga ƙarfen zuwa ɗakin kuma ta ce babu sauran harkar iska, wayar faiba mai kai saƙo da haske za a binne a ƙasa, har guda biyu, kowace da raminta. Tsakanin tudun da ɗakin gonar wani Ilu ce shimfiɗe. Ta ja layi biyu miƙaƙƙu a takarda, ta bi gonar tana kafa turaku, taku goma tsakanin layi da layi.

A gindin darbejiyar ƙofar ɗakin ta tara masu haƙa tana yi musu bayani. Hammawa na gefe a kan buzunsa. Bafulatani ne dogo, ya haura sittin, shanunsa sun ragu har ya karɓi gadi, amma bai bar noma ba.

"Injiniya," ya ce, "ni fa ban gane ba. Waya ɗaya ba ta ɗaukar maganar ne?"

"Tana ɗauka, Baffa. Akwai na'ura a gindin ƙarfe, akwai wata a nan ɗaki, rauta ake ce musu, su ke nuna wa saƙo hanya. Zan ɗaure musu wayoyin nan biyu su zama kamar ɗaya, su raba kayan a tsakaninsu. Kamar shanun huɗa biyu a karkiya ɗaya."

"To ai idan sa ɗaya ya faɗi garma ta tsaya."

Masu haƙa suka tuntsire da dariya. Ita ma ta dara.

"Nawa shanun ba haka suke ba. Kowace daƙiƙa na'urorin nan sai sun yi wa juna sallama ta kowace waya. Idan aka yi sallama sau uku ba a amsa ba, sai su san babu kowa a gidan, su kwashe kayan duka su ɗora wa ɗayar."

Hammawa ya gyaɗa kai. "Ashe suna da tarbiyya." Ya kalli turakun da ta kafa. "Amma gonar nan fa, gyaɗa Ilu yake sawa."

"Ya ba mu izini, Baffa, har gaban mai unguwa."

"Ba izinin nake nufi ba..."

Sai wayarta ta yi ƙara. Ta ɗaga masa hannu ta juya, maganar ta bi ruwa. Kafin ta hau mota ta damƙa masa gammon waya biyu ta ce ya sa ido a kan aikin, kwana uku za ta yi a Karaye.

Kwana ukun nan a tsakar gidansu ta yi su, na'urori biyu a kan tabarma, laftof a cinya. Cikin kafofin jona waya ta zaɓi kafa ta uku da ta huɗu a kowace rauta ta haɗa su ƙungiya ɗaya, ta daidaita musu gudu, ta rage tazarar sallamar daga daƙiƙa talatin zuwa ɗaya. Ta jona, shiru. Fitilu suna ci, amma haɗin ya ƙi tashi. Ta canza waya, ta kashe ta kunna, ta yi tsaki ya fi a ƙirga, har mahaifiyarta ta leƙo daga kicin ta ce, "Ke da wa kuma?"

Sai bayan la'asar ta gano ɓarnar, kuma tata ce. Duka na'urorin biyu ta saita su a kan su jira a fara yi musu magana. Wannan na jiran wancan, wancan na jiran wannan, kamar surukai sun haɗu a ƙofar gida. Ta ba su umarnin kowa ya fara sallama. Nan take haɗin ya tashi. Ta kunna bidiyon karatu ta fizge waya ɗaya, karatu bai tsaya ba. Ta mayar ta fizge ɗayar, haka nan. Ta yi ta yi har sau ashirin, tana murmushi ita kaɗai.

Da wannan farin cikin ta sauka Zoza ranar Lahadi, saura kwana huɗu jarabawa. Bai kai ta ko'ina ba.

Ramin farko yana nan yadda ta zana, an binne an daddaɓe. Layi na biyu kuwa ko ƙasa ba a taɓa ba, turakunta na tsaye kamar yadda ta bar su. Ta nemi gammon waya ta tarar da katakon kawai, babu ko kamu ɗaya da ya rage.

"Ɗanmaliki!" ta ƙwala wa shugaban masu haƙa kira. "Ina wayata?"

Ɗanmaliki ya sosa ƙeya ya nuna mata arewa. Can gefen gonar, inda gamba ta yi layi tsakanin gonar Ilu da ta wata gwauruwa Yelwa, ƙasa ta nuna alamar sabon haƙa. Wayar ta sauko daga tudu ta bi gindin gambar, ta karkata inda ta karkata, ta zagaya bayan wata aduwa, ta yi doguwar tafiya kafin ta shigo ɗakin ta baya. Hanyar ta kusa ninka wadda ta zana.

"Baffa ne ya ce," in ji Ɗanmaliki. "Mu ma mun ce masa saiwar gamba ba ta haƙuwa. Da muka gaji shi ya karɓi diga. Sai da ya kira Ilu da Yelwa da mai unguwa suka tsaya a kai, ya ɗaga gambar tushe-tushe, aka sa bututu, ya mayar da kowace inda take."

Sadiƙa ba ta ji rabin wannan ba. Jininta ya riga ya hau. Ta iske Hammawa a gindin darbejiya yana ɗaure tafin hannunsa da tsumma, ko gaisuwa ba ta yi ba.

"Baffa, wa ya ce ka canza mini hanya?"

"Sannu da zuwa, Injiniya. Kin zo lafiya?"

"Ka cinye mini waya kaf! Idan wani abu ya tsinke yanzu da me zan gyara? Na auna, na zana, na kafa turaku, ka zo ka bi ciyawa da ita kamar akuya?"

"Tsakiyar gonar marmara ce," ya ce a hankali. "Ramin farko bai wuce taƙi ɗaya da rabi ba, diga ta ƙi shiga. Ita kuwa gamba iyaka ce. Ba a huɗe ta."

"Wa yake maganar huɗa? Ruwa ko ɗigo bai sauka ba! Bayan jarabawa zan sa a ƙara zurfin. Baffa, gadi aka ɗauke ka, ba injiniya ba."

Kai, Sadiƙa! A gaban mutane, ga dattijon da ya haifi kamarta. Masu haƙa suka sunkuyar da kai, Ɗanmaliki ya ce a'uzubillahi a ƙasan maƙoshi. Ita ma ta ji maganar ta yi nauyi tun kafin ta gama fita, amma maimakon ta tsaya sai ta ƙara.

"Idan aka sake samun matsala, 'yarka ce fa a ciki."

Hammawa ya kawar da kai ya dubi hanya. Bara'atu 'yar farinsa ce, kuma shi mutumin da ne. Tun da aka haife ta ba a taɓa jin sunanta a bakinsa ba, ba ya zama inda ake yabonta, ko bara da abin ya faru bai ce uffan ba.

"Yara sittin ne a ciki," ya ce. Ya ci gaba da naɗe hannunsa.

Babu lokacin tonewa, babu kuma wayar da za a sake binnewa. Haka ta jona su a yadda suke, tana huci. Ta auna hasken da ke bin kowace waya, duka biyun lafiya lau, har ta gambar, abin da ya ƙara mata haushi. Haɗin ya tashi, sallama na kai da komo. Kwana uku tana wuce Hammawa da gaisuwar fatar baki, shi kuwa yana amsawa cikakkiya, har ya tambayi mutanen Karaye.

Ranar Alhamis da asuba sama ta ɓalle. Ruwa ne na gaske, irin wanda ke jiƙa ƙasa har ƙasan gwiwa, ba yayyafin yaudara ba. Kafin hantsi gari ya washe, kuma duk Zoza ta fita gona. Sadiƙa ta iso da gudu hankalinta duk yana kan farantan ƙarfe, saboda abin da ya cije ta bara ke nan. Ta duba, suna nan daram. Batiran sola a cike. Ta ce alhamdulillahi. Gonar Ilu ko a ranta ba ta zo ba.

Ƙarfe tara da rabi aka buɗe jarabawa. Ɗalibai sittin suka duƙufa, ba ka jin komai sai ƙarar madannai da fanka. Sadiƙa na zaune a ƙaramin ɗakin na'urori, ƙofa a buɗe, ido ɗaya a kan laftof ɗaya a kan zauren. Daga inda take tana hango kujera ta goma sha bakwai, da bayan hijabin Bara'atu ruwan toka. Fitilu biyu kore suna ƙiftawa a jikin rauta, ta uku da ta huɗu.

Ƙarfe goma da minti goma sha bakwai, fitila ta uku ta mutu.

Ba ta yi wani ƙara ba, ɗif kawai ta yi. Sadiƙa ta miƙe tsaye ba ta san ta miƙe ba. A allon Bara'atu ɗan da'irar nan ya fito yana juyawa, shi dai na bara, wanda take gani har a mafarki. Ta ga hannun yarinyar ya tsaya cak a kan madannai. Ta ga kafaɗunta sun ɗaga.

Sallama ta ɗaya, ba amsa. Innalillahi. Ta biyu, ba amsa. Sadiƙa ta dafe ƙirji, bakinta na motsi ba ta san me take karantawa ba. Ta uku.

Layi ɗaya ya fito a laftof: an cire kafa ta uku daga ƙungiya. Fitila ta huɗu ta hau ƙiftawa da sauri kamar za ta ƙone, ta ɗauki kayan mutum sittin ita kaɗai. Da'irar ta ɓace. Tambaya ta gaba ta fito. Bara'atu ta sauke kafaɗu, ta gyara zama, ta ci gaba. Mai sa ido da aka turo daga hedikwata yana ta zagayensa da hannu a baya, bai ma san an yi wani abu ba.

Sadiƙa ta koma ta zauna. Awa ɗaya da minti goma sha uku suka rage, kuma duk ta yi su ne tana kallon fitila ɗaya. Tsoro take ji, tsoro na gaske, don yanzu babu wata hanya ta uku, ga shi ba ta san abin da ya kashe ta farkon ba, balle ta san ko yana kan hanyarsa zuwa ta biyun. Ta yi addu'ar da ta iya, ta yi wadda ba ta iya ba. Fitilar ba ta ko yi tari ba.

Sha ɗaya da rabi aka rufe. Sakamakon mutum sittin ya tafi, hedikwata ta amsa ta karɓa. Ba ta jira fitowar ɗalibai ba, ta zura takalmi ta bi bayan ɗakin.

Tun daga nesa ta ga gonar Ilu ta canza kama. Rabinta ya zama kunya-kunya, jar ƙasa a jiƙe tana sheƙi. Wasu bijimai biyu farare na tsaye a karkiya, wani mutum da ba ta taɓa gani ba yana tsugune yana jujjuya guntun baƙin bututu a hannu, wayar ta leƙo daga ciki a tsinke.

"Hajiya, naki ne?" ya ce a tsorace. "Wallahi ban sani ba. Ilu ne ya aiko tun watan jiya, ya ce ranar da ruwa ya sauka in zo in huɗe masa, shi kuwa shekaranjiya ya tafi Rogo wajen jinyar ɗan'uwansa. Na ji garma ta riƙe, na zaci saiwa ce, na daka wa shanu tsawa."

"Ba laifinka ba ne," ta ce.

Ta ɗaga kai tana neman turakunta na layi na biyu. Babu su. Ta taka taku goma daga inda wayar ta tsinke, ta tsaya a kan kunya. Ga guntun turke ɗaya nan a kife cikin laka, da jan ƙyallen da ta ɗaura masa da hannunta. Garmar ta bi ta kan layin nata na biyu tun kafin ta kai ga na farkon. Da an bi zanenta, da wayoyin biyu sun tafi cikin minti biyar.

Ta juya arewa. Kunyoyin sun tafi a jere har suka kusa gamba, sai kowace ta tsaya, saura kamu guda. Nan shanun suke juyawa. Ba wanda ya gaya wa mai garmar akwai waya a wurin. Baƙo ne, bai san Sadiƙa ba, bai san intanet ba, amma ya san iyaka. Ko ɗan da ya gaji gona ba ya sa wa gamba garma, balle ɗan ƙodago, don wanda ya ci iyaka sai ya tsaya gaban dagaci, sunansa kuma ya ɓaci har jikoki.

Ta daɗe a tsaye, laka na cin takalminta. Kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa.

A gindin aduwar nan da wayar ta zagaya ta same shi. Hammawa na zaune a kan buzu, sanda a gicciye kan cinya, carbi a hannun da ke naɗe da tsumma. Daga wurin ana ganin layin gambar gaba ɗaya, daga tudu har bayan ɗaki. Ƙasan buzun a bushe yake, ko'ina kuwa a jiƙe. Tun ana ruwa yake wurin.

Ta cire takalmi ta durƙusa har ƙasa.

"Baffa, ina wuni."

"Lafiya lau, Injiniya. Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara," ta ce. "Baffa, ka yafe mini. Na yi maka rashin kunya a gaban mutane, kuma kai ne da gaskiya. Ta farkon ta tsinke. Taka ce ta riƙe su."

"Na ga lokacin da garmar ta kama ta. Na yi kira, ya yi nisa bai ji ba. Ban iya tasowa ba, kada a kora shanun kiwo ta nan su tattake ramin, ƙasar ba ta kwanta ba tukuna." Ya ɗan murmusa. "Ba komai, 'yata. Ke ce kika koya musu sallamar. Ni rami kawai na haƙa."

Ta zaro takardar zanen daga jaka, wadda ba ta bari kowa ya taɓa, ta ajiye a gabansa da biro a kai.

"Idan na kawo sabuwar waya, ina za ta bi?"

Bai ko kalli takardar ba. Ya ɗaga sanda ya nuna kudu. "Akwai wata iyakar can, tsakanin Ilu da masu rogo. Sai an nemi mai unguwa."

Daga bakin ɗakin hayaniyar ɗalibai ta taso, ana dariya ana kiran juna. Hammawa ya sauke sandar. Ya ja carbi ɗaya, biyu. Idonsa na kan bijiman can, kamar su ne damuwarsa.

"Yaran sun gama?"

"Sun gama, Baffa. Dukansu." Ta ɗan jira. "Har ta kujera ta goma sha bakwai. Ta amsa tambayoyinta duka, da sauran minti shida a hannunta."

"Ni ban tambaye ki wannan ba," in ji Hammawa.

Ya juya mata ƙeya yana gyara rawani. Ya daɗe yana gyara shi, da hannun nan mai tsumma.